Karayar Surukin Maɗori

Yau wata goma sha ɗaya ke nan da maigidana ya faɗo daga kan rufi, wata bakwai kuma da aka yi masa aiki. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don akwai laifina a cikin labarin nan, kuma ba ni kaɗai ba. Sai da na nemi izinin waɗanda abin ya shafa. Maigida ya ce in rubuta. Mahaifina kuwa ya ce, "In zai amfani wani, rubuta." To da sunan Allah.

Sunana Maryama, Mairo ake kirana. Ina aure a cikin garin Daura, 'ya'yanmu uku. Maigidana Sabi'u kafinta ne, amma ba na gado da kujera ba. Rufin kwano da silin yake yi, aikin da tun safe har la'asar hannu yana ɗage bisa kai. Mahaifina kuwa maɗori ne a wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum, ya gaji ɗorin wajen kakana. Na tashi ina ganin ana sauke masu karaya daga amalanke a ƙofar gidanmu, wasu har daga tsallaken iyaka. Ni ce mai fere masa kara, ni ce mai narka man shanu. A iya sanina na yarinta, babu ƙashin da ya gagari Baba.

Ranar wata Talata ce a ƙarshen bazara, da hantsi, ina tankaɗe gari, sai abokin aikin maigida ya kira ni. Ya ce, "Maman Ummi, kada ki tayar da hankalinki. Sabi'u ne ya ɗan faɗi, muna asibiti." Ashe wani ruɓaɓɓen katako ne ya karye a ƙarƙashin ƙafarsa, ya faɗo ta kafaɗar dama.

Na same shi zaune a kan benci, ya tallafe gwiwar hannun dama da na hagu, kansa a karkace, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya ya nufi kafaɗa, wanda ake hangowa ta wuyan riga, shi ne ya yi tozo a tsakiya. Aka yi masa allurar rage zafi, aka ce mu je waje mu yi hoto don injin nasu ba ya aiki ranar. Da muka kawo hoton, wanda ya duba ya ce wannan sai likitan ƙashi, ya rubuta mana takarda zuwa Katsina.

Muka tafi ranar Alhamis. Duk ramin da mota ta faɗa sai na ji ya ja numfashi ta haƙori. Mun isa tun kafin a buɗe wurin yankar kati, amma ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Mutum ne mai magana a hankali, ba ya gaggawa, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Ya ɗauki biro biyu ya haɗa bakinsu, sannan ya zame ɗaya ya hau kan ɗaya.

Ya ce, "Malam Sabi'u, haka naka ya yi. Ya karye, ya hau juna, ga kuma wani ɗan guntu a tsakiya. Yawancin masu irin wannan karaya rataye hannu kawai muke sa su yi, ƙashin ya haɗe da kansa. Naka ma zai iya haɗewa, ya bar tozo, kafaɗar ta ɗan gajarta. Zai kuma iya ƙi. In aiki ne, za mu buɗe mu jera shi, mu kama shi da ƙarfe da kusoshi. Shi ma aikin yana da nasa haɗarin: ciwon zai iya yin ruwa, akwai tabo, wani sai an sake buɗewa an cire ƙarfen."

Maigida ya ce, "Likita, in kai ne, wanne za ka ɗauka?"

Ya ce, "Da a ofis kake aiki, da na ce ka rataye ka tafi gida. Amma ka ce rufi kake yi. Ni na fi karkata ga aiki. Sai dai ba zan rantse maka a kan ko ɗaya ba. Ku je ku yi shawara, amma kada ku wuce mako biyu."

Ƙarfen mu za mu saya. Da aka faɗi kuɗinsa da na aikin, sai muka ga ya kai kuɗin bijimin sa mai ƙiba. Muna kuwa da sa guda ɗaya da maigida ya ba wani kiwo, wanda muke fatan sayarwa mu ƙara ɗaki.

Da muka dawo, muka tarar da yayarsa, Yaya Ladidi, tana jiranmu. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma mace ce da ba ta ɓoye abin da ke ranta. Tana gama jin bayani ta ce, "A sayar da san gobe. Sa ana sake saye. Hannu fa?"

Ni kuwa tun a mota zuciyata tana ƙauyenmu. Na kira Baba na gaya masa komai. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tambayi abin da likita ya ce, na faɗa masa. Ya ce, "To." Bai ce a kawo shi ba, bai ce kada a kawo shi ba. Ni na cike sauran da kaina. Na ce wa maigida, "Yanzu a ce surukin Baba ne aka kwantar aka tsaga saboda karaya? Mutane suna tahowa daga nesa wajensa, mu na gida mu tsallake shi? Da wane ido zan shiga garinmu?"

Shi ma abin ya zo masa daidai, don tsoron allurar barci yake ji. Ya ce ya taɓa jin wanda aka yi wa bai farka ba. Ya ce ai likita da bakinsa ya ce zai iya haɗewa.

Yaya Ladidi ta dube ni ta ce, "Mairo, tsakaninki da Allah, hannun ƙanena kike dubawa ko kunyar ubanki?" Na ji zafin maganar har na yi kuka, na ce ta zagi mahaifina. Ba ta zage shi ba. Gaskiya ta tambaye ni.

Ranar Asabar muka isa ƙauye. Maƙwabta suka cika zaure, ana ta jaje. Baba ya zaunar da maigida a kan turmi da aka kifa, ya ɗora yatsunsa a kan ƙashin, ya rufe ido. Ya daɗe a haka, fiye da yadda na saba gani. Sai ya ce in miƙo masa hoton. Ya fita tsakar gida ya ɗaga shi sama yana dubawa. Ban taɓa ganin Baba ya nemi hoto ba, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba. Ya dawo ya yi bisimilla, ya kafa gwiwarsa a tsakiyar bayan maigida, ya ja kafaɗun biyu baya. Ƙarar da maigida ya yi ta sa kaji watsewa. Baba ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ɗaure shi da farin ƙyalle ta ƙarƙashin hammata biyu ya sarƙe a baya, ya rataye hannun da majanyi.

Ya ce, "Malam Sabi'u, kwana arba'in. Ko buta kada ka ɗauka da hannun nan. In ka kiyaye, sauran na Allah ne."

Ya ce, "Insha Allahu, Baba. Allah ya ƙara girma."

Mako biyu muka yi a can, sannan muka dawo Daura saboda makarantar yara, Baba yana zuwa duk mako a kan mashin ɗin haya yana dubawa. Wanda bai yi jinyar mai karayar kafaɗa a cikin zafin bazara ba, ba zai san wahalarta ba. Ba ya iya kwanciya, sai a jingine da matasai. Ni ce wanka, ni ce sa riga, har muka tsaga rigunansa biyu ta gefe. Ƙyallen ya ci masa hammata, ƙuraje suka feso, ina share masa da ruwan ɗumi ina barbaɗa hoda. Ya ƙi cin abinci da hagu, ya kuma ƙi in ba shi a baki in yara suna nan, sai na kore su waje tukuna. Na dafa romon ƙashi har na gaji, na sayi nono kullum. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wannan ya ce a ci wake, wancan ya ce a guji tsami, wata ta kawo saiwa a jiƙa. Mutumin da bai iya zama ba ga shi an zaunar da shi, sai faɗa ya ƙaru. Gishiri ya yi yawa, yara sun cika surutu, ruwan ya yi zafi. Na yi ta haƙuri, don na san ba shi ba ne, ciwon ne.

A mako na huɗu hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Gidan da ya faɗo a kai har lokacin rabinsa a buɗe yake. Mai gidan yana zuwa dubiya, mutumin kirki, har da lemo yake kawowa, amma duk gaisuwarsa a kan rufin take ƙarewa. Ya ce iyalinsa a haya suke, an ba su wa'adi, in ruwa ya sauka a kan ginin nan ya shiga uku. Maigida ya ce mini zai je ya tsaya kawai ya nuna wa abokan aikinsa, ba zai taɓa komai ba. Na ce Baba ya hana. Ya ce Baba ɗaukar kaya ya hana, bai hana tsayuwa ba.

Kwana biyu yana dawowa lafiya. A rana ta uku ya shigo da la'asar, fuskarsa ta yi fari fat, garin katako ya cika ƙyallen. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Mairo, na yi ɓarna." Wai ana miƙa kwano sama, iska ta fizge shi zai faɗa kan mutum, ya kai hannun dama ya tare. Ya ce ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Da na matsa, ya amsa cewa tun jiya ma ya ɗan riƙe guduma.

Ya ce, "Don Allah kada Baba ya ji. Ba zan iya haɗa ido da shi ba."

Na yi alkawari. Ban tsaya nan ba. Na kwance ƙyallen na wanke, na shanya, na sake ɗaure shi yadda na koya tun ina yarinya, don kada Baba ya ga alama. Da ya zo a makon, ya duba, ya gyara ɗaurin, bai ce komai ba. Na yi hamdala a raina, ina ganin mun tsira.

Ranar da aka cika arba'in Baba ya kwance. Ina tsaye a bayansa na ga ƙashin yana motsi a ƙarƙashin yatsansa. Ya ce a ƙara mako uku, ya mayar da ɗauri. Mako ukun suka wuce, babu abin da ya sake. In maigida ya motsa kafaɗa sai ka ji ƙwas ƙwas. Ba ya iya ɗaga kofi ya wuce ƙirjinsa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara yi masa kamar tururuwa na tafiya a ciki. Kafaɗar ta sauko, hannun ya rame, ana gani ya fi na hagu siranta.

Nan magana ta tashi. Yaya Ladidi ta faɗa a gidan wani suna cewa tsoho ya tsufa, hannunsa ya daina kamawa, ya nakasa mata ƙane. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa ƙauyenmu. Aka ba ni labarin wani da ɗansa ya karye a ƙafa, ya wuce ta ƙofar gidanmu da amalanke bai tsaya ba, ya tafi wani gari. Mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu yana ɗori, ga shi ana nuna shi da baki saboda mu.

Na ce wa maigida, "Ka faɗa musu gaskiya. Ana cin mutuncin Baba a kan abin da kai ka yi."

Ya ce, "In faɗa wa Yaya? Kin san ta. Kuma wa ya ce dole wajen Baba za a je tun farko?"

Na ce, "Wa ya ce yana tsoron allura?"

Muka yi kwana uku ba mai yi wa wani magana sai ta dole. Ina yi masa wanka, ina sa masa riga, kowa yana kallon wani gefe. A duk jinyar nan babu kwanakin da suka fi waɗannan yi mini nauyi.

A mako na sha ɗaya Baba ya zo, ya taɓa wurin sau ɗaya, ya ce, "Ku koma wajen likitan nan. Da ni za a je." Na ce ya bari, tafiyar da wuya. Ya ce, "Na ce da ni za a je."

Haka ya zauna a layin asibiti da farar rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a, tsakanin masu sanda da masu filasta, tun safe har rana ta take. Aka sake hoto. Likita ya duba ya ce, "Bai haɗu ba, kuma ba zai haɗu da kansa ba yanzu. Bakin ƙashin ya riga ya rufe, ya yi santsi. Sai mun kankare shi, mun ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunka mun cike wurin, sannan mu sa ƙarfen. Da a makon farko ne, ciwo ɗaya za ka yi jinya. Yanzu biyu ne."

Ya tambaya wa ya yi ɗaurin. Baba ya ce, "Ni ne." Na zata zai yi masa faɗa, kamar yadda na ji ana yi wa maɗora. Bai yi ba. Ya ce ɗaurin da ya gani bai saɓa da irin wanda su ma suke yi ba. Sannan ya juya ga maigida ya ce, "Malam Sabi'u, a tsakanin nan ka ɗauki wani abu mai nauyi, ko ka yi aiki da hannun?"

Maigida ya ce, "A'a."

Ina zaune a wurin. Bakina bai buɗe ba. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Aka sayar da san, a lokacin da kasuwarsa ba ta da kyau. Aka ba mu rana, muka je da tabarma da bokiti da kwanuka, aka auna shi aka ce jininsa ya hau, mu koma ya sha magani mako biyu. Muka koma a karo na biyu, har an sa masa rigar shiga tiyata, tun jiya bai ci komai ba, sai aka shigo da waɗanda suka yi haɗarin mota, aka ce yau babu wuri. Ban ga laifin kowa ba, waɗancan sun fi mu buƙata, amma babu wanda ya zo ya gaya mana sai bayan la'asar, da na je na tambaya da kaina. Kowace tafiya da kuɗin mota, da na abinci, da na gwajin da ake cewa a sake. Yaran suna hannun maƙwabciyata, Allah ya saka mata, har kitso take yi wa Ummi.

A karo na uku aka shiga da shi, a tsakiyar damina. Ni da Yaya Ladidi muna tabarma ɗaya a baranda, ruwa yana zuba. Baba yana can gefe da carbinsa. Kusan awa huɗu. Da aka turo shi ya buɗe ido ya ce, "An gama?" sai Yaya Ladidi ta fashe da kuka ta riƙe hannuna, ta manta muna faɗa.

Ƙugun ya fi kafaɗar ciwo nesa ba kusa ba. Mako guda ba ya iya miƙewa sai an kama shi. A cikin ma'aikatan jinya akwai wata da in za ta wanke ciwo sai ta ja shi da hira har ya manta, akwai kuma wadda in ka kira ta sai ta tambaye ka ko kai kaɗai ne marar lafiya a ɗakin. Bayan an sallame mu, a mako na biyu, gefen ɗinkin ya yi ja ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Na tuna abin da likita ya faɗa tun ranar farko. Muka koma, aka ba shi allurai, aka ce in bai tsaya ba sai an sake buɗewa. Kullum da safe muna asibitin Daura wajen wanki, har kwana goma sha biyu, kafin Allah ya sa ya bushe. Daga nan aka shiga gashi, da motsa hannu, da tafiya da yatsu a jikin bango ana ja masa layi da gawayi inda ya kai.

Wata biyu bayan aikin, hoto ya nuna ƙashin ya fara kamawa. Baba ya zo barka da zabi biyu a hannu. Yaya Ladidi tana nan. Ana zaune a tsakar gida, ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Alhamdu lillahi. Da tun farko nan aka nufa, da ba a sha wannan wuya ba."

Maigida ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Yaya, ki daina. Baba, ku gafarce ni. Kun ce kada in ɗauki ko buta. Na je wajen aiki, na riƙe guduma, na tare kwano da hannun nan, na ji lokacin da ya sake ɓallewa. Na hana Mairo ta faɗa. Na yi wa likita ƙarya a gabanku. Ana ta zaginku ina ji."

Yaya Ladidi ta saki baki. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Baba ya ce, "Na sani."

Muka dube shi.

Ya ce, "Ɗaurin da na tarar a makon nan ba nawa ba ne. Na Mairo ne. Tun tana ƙarama ta hagu take juya ƙulli, na yi ta gyara mata ba ta gyaru ba." Ya juya ga maigida ya ce, "Amma tashi ka zauna, Malam Sabi'u, laifina ya fi naka. Tun ranar da na ɗora hannu na ji guntun nan yana yawo, na ji yadda ya hau. Da wani ne can, da na ce a kai shi asibiti. Na sha faɗa wa mutane haka, Mairo ba ta sani ba ne, ba a gaban yara nake faɗa ba. To kai surukina ne. 'Yata ta kawo ka, zaure ya cika, kowa ya zuba mini ido. Na ji nauyin in ce wannan ya fi ƙarfina. Na ce bari in gwada, ko Allah zai sa a dace. Da ka koma aiki ma na ga alama, na yi shiru, don ban san yadda zan tuhume ka ba alhali ni ma ina da abin da na ɓoye. Kai za ka yafe mini."

Ban taɓa jin Baba ya nemi gafarar na ƙasa da shi ba. Yaya Ladidi ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ce, "Baba, ni ma bakina ya yi yawa." Ya ce, "Ƙanenki ne. Da ba ki yi magana ba da na yi mamaki." Ni ce ƙarshen neman gafara, kuma tawa ta fi tsawo, don ni na fara ɗaura zancen a kan kunya.

Da muka koma ganin likita, maigida ya gaya masa gaskiya. Na tambaye shi, da bai koma aiki ba, da ƙashin ya haɗe? Ya ce, "Wataƙila." Na ce, da an yi aikin tun farko, da hannun ya dawo kamar da? Ya ce, "Ya fi yiwuwa, amma ban sani ba." Na so ya ba ni amsa ɗaya da zan riƙe, ko ta wanke ni ko ta kama ni. Bai ba ni ba.

Ga wanda wannan ya samu, ba zan ce masa aiki ko ɗori ba. Na ga waɗanda suka rataye hannu kawai suka warke sarai, a layin asibitin nan ma na haɗu da su. Abin da zan ce shi ne, a yi hoto tun ranar farko, a tambayi likita ko ƙashin ya hau juna, a gaya masa sana'ar mai ciwon. In an zaɓi a bari ya haɗe da kansa, to a bar shi ɗin da gaske, a kuma koma a sake hoto, kada a yi ta ƙara makonni a gida. Duk wanda ke duba ka, likita ne ko maɗori, kada ka ɓoye masa abin da ka yi. Kuma in za a yanke shawara, a fitar da maganar abin da mutane za su ce daga ɗakin. Mu uku kowa ya ji nauyin wani, babu wanda ya yi da mugun nufi, amma ga inda ta kai mu.

Baba yana nan yana ɗorinsa, mutane sun fara dawowa, ko da yake ba kamar da ba. Ƙashin maigida ya haɗe, ƙarfen yana ciki, ana jin kan kusoshin in an shafa. Tururuwar yatsun ta tafi. Hannun yana ɗaguwa zuwa daidai kunne, daga nan ya tsaya. Likita ya ce a ci gaba da motsawa, zai iya ƙaruwa, zai iya tsayawa a haka. Yanzu ƙofofi da tagogi da bencin makaranta yake yi a ƙasa, abin da ake samu bai kai rabin na da ba, amma muna ci muna sha, mun gode wa Allah. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya sa mahaifina, da duk masu jinya a gida da asibiti.

Makon jiya ya ce gara a gyara kwanon ɗakin yara kafin ruwa ya sauko, don ya yi yoyo a daminar da ta wuce. Ya fito da tsani ya jingina, ya sa ƙafa a matakin farko, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon wurin. Ina bakin murhu, na yi kamar ban gani ba. Can sai ya sauke ƙafar, ya ɗauki waya ya kira abokin aikinsa. Da mutumin ya zo ya hau, shi ya riƙe masa tsanin, yana gaya masa daga ƙasa inda zai buga ƙusa.